Albarka, a Ƙara Dai

Ranar wata Laraba bayan isha'i ɗan yayata ya faɗo zauren gidanmu da kwamfuta a hammata, baki har kunne. Wani kamfani ne a Legas ya aiko masa da takardar ɗaukar aiki. Shekararsa uku yana rubuta manhaja a wani ɗan kamfani a nan Kano, tun ana aikensa sayo man janareta har ya kai shi ake tasa ƙarfe biyun dare idan manhajar biyan kuɗi ta tsaya. Ya juyo mini da fuskar kwamfutar ya ce, "Kawu, duba." Naira 600,000 a wata, kuma daga gida zai riƙa aikin. Amsa ma ya riga ya rubuta, dannawa ce kawai ta rage: layi huɗu na godiya, layi ɗaya na amincewa.

Baffana yana gefe kan buzu yana jan carbi kamar ba ya jin mu. Tsohon nan ya fi shekara 40 yana dillancin dabbobi, Alhamis yana Maigatari, Juma'a yana Wudil, sai da gwiwa ta ƙi sannan ya zauna. Ko kai bai ɗago ba ya ce, "Kai ɗan nema, wa ya sa sunan, kai ko su?"

"Su suka faɗa, Kaka."

"To ka ce albarka?"

Yaron ya yi dariya. "Kaka, aiki ne fa, ba rago ba."

"Na ga alama," in ji Baffa. "Da rago ne da ya samu mai tsaya masa."

Tun daren nan nake juya maganar. Mu fa a ƙasar da ko kashin tumatir ba a ɗauka sai an ja muka tashi. Yaro ɗan shekara goma in aka aike shi cefane ya biya kuɗin farko, faɗa zai sha a gida. Amma yaron nan in ya girma, ya yi digiri, ya iya yaren da kwamfuta ke ji, sai a taya ƙwaƙwalwarsa da ƙuruciyarsa ya ce na gode tun mai tayin bai rufe baki ba. Abin haushin kuma, kalmar da ake buƙata tana bakinmu tun kaka da kakanni. Albarka ƙin sayarwa ce da aka naɗe cikin addu'a. Ba ta zagi mai tayi ba, ba ta kore shi ba. Abin da ta ce masa shi ne an ji, an gode, kuɗin bai kai ba, kuma ba a rufe ƙofa ba. Ban taɓa ganin wanda aka ce wa albarka ya yi zuciya ba, don shi ma ya san ba don a karɓa ya yi tayin farko ba.

Haka yake a kamfanonin fasaha. Tun kafin a tallata gurbi an riga an yanke masa ƙasa da sama, wato mafi ƙarancin abin da za a biya da mafi yawansa, kuma da wuya jami'ar ɗaukar ma'aikata ta fara da na saman. Mai sayen ragon layya ne da ya raba kuɗinsa aljihu biyu kafin ya shiga kara. Na dama yake fara nunawa.

Na san abin da ke ɗaure bakin yaranmu. Kunya ce, sai tsoro. A inda masu digiri ke yawo da takardu a leda, wanda ya ba ka aiki kamar taimakonka ya yi, wa kuwa ke ciniki da mai taimakonsa? Sai yaro ya ce kar a ga ya cika son kuɗi, kar su fasa. Akan fasa ɗin, jefi-jefi. Amma kamfanin da ya janye takarda don an nemi ƙari cikin ladabi, halinsa ya nuna maka a arha. Galibi dai ba haka ake yi ba, saboda a lokacin da takarda ta iso, sun riga sun yi asarar da ba sa son maimaitawa: intabiyu uku ko huɗu, jarrabawar rubuta manhaja, awannin manyan injiniyoyinsu da aka ɗauke daga aiki don su tantance ka. Mai saye ne da ya buɗe bakin rago ya duba haƙori, ya mammatsa gadon baya, ya ɗaga shi ya ji nauyi, har ya kira ɗansa ya ce zo ka gani. Igiya tana hannunsa. Daga ranar da aka ce kai ake so zuwa ranar da ka sa hannu, nan ne kaɗai kake da baki. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi.

A kara, cinikin yakan fara da 'yar rawa. Mai saye ya ce sa suna, mai rago ya ce taya. Kowa yana gudun ya fara, sai fa wanda ya san kasuwar ranar kamar yunwar cikinsa. Masana sun daɗe da gano dalili. A 1974 Amos Tversky da Daniel Kahneman suka wallafa wani gwaji: an juya wa mutane wani faifai mai lambobi da aka shirya ya tsaya ko dai a 10 ko a 65, sannan aka tambaye su kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Waɗanda suka ga 10, tsakiyar amsarsu ta faɗa a 25. Waɗanda suka ga 65, a 45. Lambar da ba ruwanta da tambayar ta ja hankalinsu wajenta. Da na ba Baffa labarin har na ce masa Kahneman ya ci kyautar Nobel a 2002, sai ya ce da sun zo Wudil da kowane yaron dillali ya gaya musu kyauta. Kuɗin da aka fara ambata turke ne. Da zarar an kafa shi, ciniki zai yi ta zagaye, amma ba zai wuce tsawon igiya ba.

Shi ya sa tambayar nan mai sanyin murya, "Nawa ake biyanka a inda kake yanzu?", ta fi duk tambayoyin intabiyu haɗari. So ake a kafa turken sabon aiki a tsohon gidanka. In an zalunce ka a can, sai a ɗora kashi 20 a kan zaluncin a kira shi ƙarin girma. Kowa ya san masu tsayawa a bakin hanya ranar kasuwa su tare ɗan ƙauye da akuyarsa tun bai ƙaraso ya ji farashi ba. Malaman fiƙihu sun yi babi guda a kan haramcin tarar fatake kafin su shiga kasuwa, kuma illar da suka kawo ita ce mai kaya bai san kuɗin kayansa ba tukuna. Jihar Kalifoniya ta Amurka, gidan manyan kamfanonin fasaha, ta hana masu ɗaukar aiki tambayar tsohon albashi tun Janairun 2018, daga Janairun 2023 kuma ta tilasta wa kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama ya rubuta ƙasa da saman albashi a jikin tallar aiki. Tarayyar Turai ma ta zartar da doka mai kama da wannan a 2023. A nan wajenmu tambayar tana nan daram, wani wurin har takardar albashin watannin baya ake cewa ka turo. Ba sai yaro ya yi ƙarya ba, ba kuma sai ya yi rashin kunya ba. Ya ce wancan kuɗin na wancan aikin ne, wannan gurbin nawa kuka ware masa? Wato dai, taya.

Baffa yana da wata al'ada. In ya isa kasuwa da sassafe ba ya kwance dabba ko ɗaya. Sai ya bar yaro a wajensu, ya sha koko, ya zagaya ya ji nawa aka sallama Balami mai girman nasa, nawa aka ƙi Uda, motoci nawa suka zo daga Kudu. Sai ya dawo sannan ya buɗe baki. Injiniyan Amurka yana da inda yake irin wannan zagayen, shafuka irin su Levels.fyi da Glassdoor, inda ma'aikata ke rubuta abin da ake biyansu ba tare da suna ba. Amma farashin San Faransisko ba shi ne na Yaba ta Legas ba, balle na titin Zoo. Namu yaron dole ya tambayi tsararrakinsa baki da baki, a nan kuma ake samun cikas, domin mu albashi al'aura ce. Akwai magidancin da shekara 20 matarsa ba ta san abin da yake ɗauka ba. Ban ce a yi shela ba, baki da ido gaskiya ne. Sai dai a lura da wanda shirun ke yi wa amfani. Kamfani ya san albashin mutum 200, kai naka kaɗai ka sani.

Kada kuma a ɗauka masu sayen ba sa haɗa kai. A 2010 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta tuhumi Apple da Google da Intel da Adobe da Intuit da Pixar da ƙulla yarjejeniya a tsakaninsu cewa wani ba zai buga wa ma'aikacin wani waya ya yi zawarcinsa ba. Ma'aikata kimanin 64,000 suka bi da tasu ƙarar, suna cewa wannan ƙulli ya danne musu albashi. Mun san irinsa: manyan masu saye su haɗu a gindin bishiya su ce yau ba wanda zai taya sama da kaza, sai mai dabba ya yi ta zagaye yana jin kuɗi iri ɗaya har ya zaci kasuwa ce ta faɗi. A 2014 huɗu daga cikin kamfanonin suka kawo tayin sulhu na dala miliyan 324.5, mai shari'a Lucy Koh ta ce ya yi kaɗan. Sai da suka kai miliyan 415 a 2015 sannan ta amince. Ita ma albarka ta ce.

To, daren nan ban bar yaron ya danna ba. Muka ɗauko biro da bayan kalanda. Abu na farko da na tambaye shi, wannan 600,000 ɗin rago ne a tsaye ko nama ne a faranti? Domin tsakanin biyun akwai fata da ƙaho da tumbi da rabon mahauci. Za a cire haraji. Za a cire fansho, wanda dokar 2014 ta sa ma'aikaci ya ba da aƙalla kashi 8, kamfani ya ɗora 10. Sannan tunda daga gida zai yi aiki, ofis ya dawo ɗakinsa da duk ɗawainiyarsa: data, inbata da batir, mai in hadari ya rufe sola kwana biyu. Wa zai biya? Takardar ba ta ce komai ba.

Sai batun mudu. Wanda ya yi cinikin albashi da naira a shekarun nan ya san abin da ake nufi da mudun da aka lotsa wa gindi. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Aka saki naira a watan Yuni, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Mai ɗaukar 500,000 ya kwanta yana da sama da dala 1,000 a wata, ya farka da 330 da 'yan kai, alhali ba wanda ya taɓa takardarsa. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34. Ƙarin kashi 10 a irin wannan shekarar ragi ne da aka shafa wa hoda. Shi ya sa yaran da suka goge ba a kan lamba kaɗai suke tsayawa ba. Suna tambaya yaushe za a sake duba albashin, kuma a rubuce. Masu yi wa kamfanonin waje aiki da dala sun tsira daga lotsattsen mudu, amma yawancinsu 'yan kwangila ne, ba fansho, ba inshorar lafiya, kuma imel ɗaya ya isa ya ƙare zancen.

A ƙasan takardar akwai sakin layi da ya fi burge yaron: hannun jari a kamfanin. Da na yi wa Baffa bayani sai ya ce, "Au, ɗan cikin tunkiya." Ba fatawa nake bayarwa ba, amma kwatancen ya zauna. Yadda aka saba tsara abin, a shekara huɗu ake mallaka maka rabonka kaɗan-kaɗan, in kuwa ka tafi kafin shekara ta cika ba ka da ko ƙwaya. Amazon ta yi suna da nata tsarin: kashi 5 a shekarar farko, 15 a ta biyu, sai 40 da 40, don ƙafarka ta yi nauyi. Na kamfanin da ke kasuwar hannun jari ɗan rago ne da aka riga aka haifa, kana iya sayarwa gobe. Na sabon kamfani kuwa yana ciki. Tana iya haifar tagwaye. A 2020 Stripe ta sayi Paystack ta Legas a kan sama da dala miliyan 200. Tunkiyar tana kuma iya ɓari, kuma masu ɓarin sun fi yawa nesa ba kusa ba. A karɓa a matsayin gyara. Kada dai a rage maka mudu saboda shi.

Saura tambayar da ta fi damun uwarsa: me ya sa zai bar mutanen da suka koya masa aiki? Na ce mata Yaya, ki dubi yaron shagon tela. Ko ya kai yana yanka babbar riga ido rufe, a wurin maigidansa shi ne yaron da ya zo yana ɗinka maɓalli. Ba lallai mugunta ba ce. Ido ne ya saba. A kamfani ma ƙarin shekara-shekara a kan tsohon albashinka ake lissafa shi, shi kuwa baƙo da farashin kasuwar yau ake ɗaukarsa. Sai ka ga wanda kake koya wa inda fayil yake ya fi ka kuɗi. Wannan ne ya sa a harkar fasaha babban tsalle a albashi yawanci sai an sauya gida ake yinsa. Kuma sau da yawa ranar da ka kai takardar barin aiki, ranar kuɗin da aka ce babu ke fitowa, kamar mai kayan da ke barinka ka yi taku biyar sannan ya ce zo kawo. Wani ya karɓa ya zauna lafiya. Amma ya tambayi kansa: in kuɗi ne kaɗai ciwon, to an yi magani, in kuwa raini ne, raini ba ya jin ƙarin albashi.

Abu ɗaya na hana yaron ƙememe. Wani abokinsa ya ba shi shawara ya ce wa na Legas akwai wani kamfanin da ya taya shi miliyan guda. Babu shi. A kara akwai masu wannan sana'a, abokin mai dabba ya zo kamar baƙo ya yi tayin ƙarya don ya zuga mai saye, kuma shari'a ta hana. Ban da haramci ma akwai wauta a ciki, don duniyar masu manhaja a ƙasar nan ƙarama ce, manajan nan da na can wataƙila aji ɗaya suka yi. In kana da tayi na biyu na gaske, shi ne makamin da ya fi kowane kaifi, a faɗe shi. In babu, a tsaya a kan aikin da aka yi: ga manhajar da na gina, ga yawan masu amfani da ita, ga abin da ya daina lalacewa tun da na karɓa.

Kasuwa kuma tana da lokaci. Ragon da ake rububinsa saura mako guda Sallah, shi ne ba mai kallonsa kwana uku bayanta, kuma ba abin da ya ragu a jikinsa. Shekarar 2021 zuwa farkon 2022 makon Sallah ce ga masu manhaja a duniya, mutum ya yi intabiyu uku a mako yana zaɓe. Sai ga Nuwambar 2022, Meta ta sallami 11,000. A Janairun 2023 Microsoft ta ce 10,000, Google 12,000, Amazon 18,000. Mu nan mun ɗanɗana tun 2019, lokacin da Andela ta sallami ƙananan injiniyoyi kimanin 400 a Najeriya da Kenya da Uganda. A irin wannan yanayin ba a sakin reshe a kama ganye, kuma ba a ajiye aiki sai takardar sabon ta shiga hannu da sa hannu a jiki.

Akwai inda kwatancen Baffa ya gaza, kuma na gaya masa. Mai rago in ya sallama ya karɓi kuɗi ya juya, ƙila ba zai sake ganin mai sayen ba har abada. Shi kuwa injiniya shi ne mai ragon, shi ne ragon. Ranar Litinin zai bi igiya zuwa gidan wanda ya gama ja da shi, kuma wannan mutumin ne zai riƙa duba aikinsa. Saboda haka ba a cinikin albashi da ƙwace da ɗaga murya. Baffa ya ce ai dama ciniki na ƙwarai shi ne wanda aka tashi kowa yana iya gaisawa da kowa mako mai zuwa, ban gano komai ba.

Muka goge layin amincewa, muka bar na godiya. Yaron ya rubuta cewa yana son aikin ƙwarai, amma bisa abin da ya gina da abin da gurbin ke nema, 780,000 ne zai sa ya sa hannu a yau. Ya tambayi kuɗin data da wuta, ya nemi a rubuta ranar da za a sake duba albashin. Ya yi bisimilla ya danna. Kwana biyu shiru. Uwarsa ta bugo mini waya ta ce ni da tsohon nan mun kashe wa ɗanta kasuwa, ko tuwo ya kasa ci. Ranar Asabar da hantsi amsa ta zo: 720,000, da alawus na data, da alƙawarin sake dubawa bayan wata shida.

Ya zo da gudu ya karanta wa Baffa. Tsohon ya saurara har ƙarshe.

"Sau nawa ka ce albarka?"

"Sau ɗaya, Kaka."

"Suka ƙara ba gardama?"

"Ba gardama."

Baffa ya ja ɗan tsaki. "To akwai saura a aljihun hagu. Allah ya sa albarka dai. Ina la'adata?"

Da albashin farko ya shigo, yaron ya sayo farin goro ƙwarya guda a sabon ganye, ya durƙusa ya ajiye a gaban buzu. Baffa ya buɗe ganyen, ya ɗauki ɗaya ya juya shi a haske, ya mayar, sannan ya tura ƙunshin da bayan hannu.

"Albarka," in ji shi.